Feda ta Huɗu

Ran Laraba ta iso Gadarif cikin kwali,
a bayan motar da ke ɗaukar riɗi.
Mahasin ce ta aiko daga Jidda, albashin wata uku,
ta rubuta a gefe: "Kar ka bari ruwa ya taɓa."
Baƙar amfilifaya mai nauyin ɗan maraƙi,
da wani allon ƙarfe mai feda huɗu,
fitilunsa ƙanana kamar idon mage a rumbu.

Na shimfiɗa tabarma a rumfa,
na jawo waya daga shagon Usta Jibir mai walda,
na soka jita, na murɗa maɓalli kaɗan.
Tsirkiya ɗaya na taɓa,
tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya.
Inna ta leƙo da muciya a hannu:
"Wannan kuma wane aljani ka saukar mana?"

Feda ta fari gurnani take sa sauti,
kamar tarakta ta kafe a laka bayan ruwan Agusta.
Ta biyu ta jiƙa shi, ya kama rawar ɗari.
Ta uku kuwa, ka kaɗa a tsakar gida,
ka ji kanka a gindin rijiya gaba dubu.
Na yi ta wasa da su har shayina ya huce,
ƙuda ya mutu a ciki ban sani ba.

Ta huɗu ce ta kama ni.
Ka taka, ka kaɗa, ka sake takawa,
sai ta riƙe abin da ka kaɗa tana ta maimaitawa,
kai kuma ka hau kansa da wani kiɗan.
Takardar cikin kwalin ta faɗa da Larabci:
ba ka buƙatar kowa.

Shekara tara Dafalla na riƙe min ƙasa, ina yawo a sama.
Bikin Doka, bikin Galabat, sunan 'yar direba a Shuwak,
da amfilifayar haya mai tarin tsohon mashayin taba,
sai an ɗaure wayarta da leda, an danne da dutse.
Aibinsa ɗaya: a juyi na uku
kullum sai ya makara da ƙiftawar ido.
Na yi faɗa, na yi gori, har takalmi na taɓa jifansa da shi.
Ya ce, "Sabo, masu rawa nake jira,
ƙafarsu ba ta kai yatsunka sauri ba."

Bara ya sayar da jitarsa, ya bi masu haƙar zinariya arewa.
Saƙonsa na ƙarshe hoton rami ne, da hannunsa a baki,
farcen da yake tarawa don tsirkiya duk ya kakkarye.
Tun azumi wayarsa a kashe.

Na kaɗa nasa ɓangaren, na taka feda.
Ya dawo daidai. Ya sake dawowa daidai.
Sau ashirin, ko ƙwayar gero bai kauce ba.
Na shiga da nawa, na iso juyi na uku,
sai hannuna ya tsaya da kansa
yana jiran wanda zai makara.
Injin bai jira ba. Ya wuce ya bar ni.

Na goge, na sake ɗauka,
wannan karon na jinkirta da gangan.
Ta yi tsawo. Na sake, ta yi gajarta.
Har la'asar ta yi sakaliya
ina laluben ƙiftawar ido ɗaya ta wani mutum,
yatsana ya yi bororo.

Usta Jibir ya kashe janareto zai tafi masallaci.
Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya,
ja ce ta ƙarshe.

Jumma'a akwai biki a Daim Bakur,
an riga an ba ni kafin alƙalami.
Zan je, zan taka, za a yi rawa,
za a ce kayan Sabo sun yi kyau.
Hadari ya haɗo daga wajen Habasha.
Na lulluɓe amfilifayar da tsohon zanen Inna,
na zauna a bakin gado,
na sake gwada lambarsa.